Zoben da Yaya Ta Zana wa Baba

Yayata ta yi karatu har ta gaji, mu ma 'yan rakiya muka gaji, ƙarshenta ga ta nan tana bin ungulu. Ba da ƙafa take bin su ba, kar in yi mata sharri. Ofishinsu na masu nazarin namun daji ne, a hawa na biyu na wani tsohon gini mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Akwai mazan da ke shiga daji su kama ungulu, su goya mata wata 'yar na'ura, su sake ta. Daga nan na'urar ta riƙa turo inda tsuntsuwar take, jefi-jefi, har ɗigo ya cika taswira. Aikin Yaya shi ne ta zauna gaban kwamfuta ta kewaye ɗigon nan da zobe, ta ce nan ne yankin wannan ungulu, nan take kwana, nan take kiwo, don kada a zo a ratsa wurin da wayar lantarki. Shi ya sa ba mai kiran sunanta a ofis. Mai Zobe suke ce mata, tun daga shugaba har mai shara.

Ni ne autansu, gyaran firji nake yi. Mu uku ne a wurin Baba: babban wanmu da ke aiki a wani gari mai nisa, wanda muke kira Yallaɓai in ba ya kusa, sai Yaya, sai ni. Tun muna yara Yaya ba ta iya cewa "wataƙila" ta yi shiru. In ka tambaye ta ko za a yi ruwa, sai ta kalli sama ta ce maka kashi saba'in. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce kar wanda ya kuskura ya tambayi yarinyar nan ko miya ta yi daɗi, don maki za ta bayar. Haka ta girma, haka ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, ga tabarau mai kauri, ga wuya da ya sandare saboda duƙawa kan allo. Akwai wani ɗan filo da take yawo da shi a jaka tana tokare bayanta, ya tsufa ya lotse, amma ko sabo ka kawo mata kyauta ba ta kallonsa.

Sau ɗaya na taɓa ganin yadda take aikin, ranar da aka kira ni gyaran firjin da suke ajiye jinin tsuntsaye. Da na gama na leƙa teburinta, na ga allon baƙi ƙirin da ƙananan rubutu layi-layi. Na ce, "Yaya, ina zoben? Ni na zaci da biro kike zanawa."

Ta ce, "Ni umarni kawai nake rubutawa, Auta, kwamfuta ke zanawa. Jawo kujera. Ka ga ɗigon nan? Kowane ɗaya nakan sa kwamfuta ta zuba masa ɗan tsibin yashi. Inda ɗigo ya yi yawa, tsibi ya hau kan tsibi, sai ya zama tudu. Daga nan in ce mata ta fara daga ƙololuwa tana gangarowa, tana auna yashin da ta wuce. In ta tara kashi casa'in da biyar cikin ɗari, ta tsaya ta ja layi. Layin nan shi ne zoben."

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Yawon ganin gari ne. Ungulu ta jiyo mushe a can wata uwa duniya, ta je ta dawo. In ka ce sai ka haɗa da su, zoben zai haɗiye rabin ƙasa, ba wanda zai amfana da shi. Kowa a aikin nan yana barin biyar a waje."

Ta danna wani abu, sai ga zobe ya fito ja, karkatacce, ba irin na yatsa ba. Tana cikin nuna mini wani sabon ma'aikaci ya kawo mata nasa zanen. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta mayar masa. Wai ya yanka tudun a rabin tsayinsa ya rubuta cewa rabin ɗigon na ciki, alhali tsayi daban, yawan yashi daban. Ta yi masa tatas cikin sanyin murya, ya tafi yana sosa ƙeya. Na tausaya masa, don na san wannan muryar tun ina aji ɗaya.

Baba kuwa karatun mita ya yi wa hukumar ruwa har ya yi ritaya. Duk rayuwarsa a ƙafa ya yi ta, gida-gida, da jakar fata a kafaɗa, yana duƙawa jikin katanga yana goge gilashin mita da babban yatsa. A wurina yake zaune, ni da matata. Mantuwa ta fara masa a hankali, yau ya sa cokali a aljihu, gobe ya kira matata da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Amma ƙafar ba ta manta komai ba. Da ya karya kumallo zai rataya jakar ya fita, ya bi layi-layi yana duba mitocin mutane, ya gyaɗa kai, ya wuce. Da rana ta take tsaka sai ga shi ya dawo, ya wanke ƙafa, ya ce aiki ya yi yawa yau. Unguwa duk ta san shi, ba mai hana shi.

Sai ran nan bai dawo ba. Muka bazama, ni a babur, matata a ƙafa, Yaya ta baro ofis da takalmin da ba na tafiya ba. Da la'asar sakaliya wani maƙwabcinmu ya gan shi a tashar mota, can wancan gefen gari, yana tsaye jikin wani famfo da ya daɗe da mutuwa, leɓensa ya bushe. Bai ji ciwo ba, amma mu mun ji a jikinmu.

Washegari Yallaɓai ya bugo waya. Shi dama daga nesa komai mai sauƙi ne. Ya ce in je kasuwa in sayo kwaɗo babba, a kulle ƙofar gida, makulli ya zauna hannun matata, magana ta ƙare. Na sa wayar a fili don Yaya ta ji. Ta ce masa, "Yaya, mutumin da ya yi shekarunsa duka a kan ƙafa, in ka kulle shi ai ka gama da shi." Ya ce gara ya gama da shi a ɗaki da mota ta gama da shi a titi. Ta roƙe shi ya ba ta wata ɗaya kafin a sa kwaɗon. Ya ja tsaki ya ce ya ba ta.

Ta sayo wata na'ura ƙarama irin ta ungulun, ba ta fi kwalin ashana ba, matata ta ɗinke ta a cikin jakar Baba, tunda ko banɗaki ba ya zuwa ba da jakar ba. Ƙarshen wata Yaya ta zo da ƙaramar kwamfutarta da filonta, ta zauna a falonmu ta ɗora ta a cinya. Baba na gefe yana gyangyaɗi. Na ga unguwarmu a allo cike da ɗigo, sannan jan layi ya fito ya kewaye su. Zoben yana da ciki babba wajen gidanmu da kasuwar bayan layi, sai wata doguwar wutsiya siririya da ta bi babban titi har tsohon ofishin ruwa, inda Baba kan zauna a benci su ɗan taɓa hira da mai gadi. Ban taɓa sanin yana kaiwa can ba.

Ta tura wa Yallaɓai hoton. Ya kira nan take.

"Ubanmu ne kika yi wa aikin ungulu?"

"Ka bar batun ungulu, Yaya, ka dubi zanen. In ka neme shi sau ɗari, casa'in da biyar yana cikin layin nan. Ba ɓata yake yi ba, hanyarsa yake bi."

"Biyar ɗin fa? Ai su ne za su kashe shi."

Ta cire tabarau ta murza ido. Can ta ce akwai dabara. Hanyoyin da ke fita daga zoben ba su da yawa, kuma a bakin kowace akwai mai sana'ar da ke wuni a zaune. In aka roƙe su, duk wanda ya ga Baba zai ƙetare layi ya juyo da shi. Ciki kuwa a bar shi ya sha iska yadda yake so. Yallaɓai ya yarda, amma da sharaɗi: duk ƙarshen wata a sake zana zoben a turo masa, kuma bakin sabon zoben shi ne iyaka. Yaya ba ta ko yi gardama ba. A ofishinsu abin kunya ne a kama ka kana aiki da taswirar bara, kowane zango sai an sabunta, don haka a wurinta sharaɗin ma daidai ne.

Ni aka ɗora wa yawon roƙon. Na je wurin mai aski, na je wurin mai kemis, na je wurin wani tela da ke ɗinki a baranda, da mai gadin ofishin ruwan. Kowa ya ce ai Baba na kowa ne. Muka yi ta neman abin da za a ce masa ya juya ba tare da rigima ba, har matata ta gano shi. In ka ce masa hanya ba kyau zai yi maka musu, in ka riƙe hannunsa zai fizge. Amma in ka ce, "Baba, ana nemanka a gida," sai ya tsaya cak, ya gyara jakarsa, ya ce to bari ya je, ya juya da sauri har yana tuntuɓe. Mutum ne da bai taɓa son a jira shi ba.

Abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Baba bai sake ɓata ba. Na daina barin firjin mutane a buɗe ina tsere a babur. Matata ta samu ta riƙa yin wanki ba tare da kunnenta na ƙofa ba. Yaya kuwa ta ƙara wa kanta kaya a kan kaya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ta shiga mota biyu ta tsallako gari, ta bar mijinta da yara da kwanuka, ta zo ta zauna a wata kujerarmu da ta lotsa. Tana aiki wayarta na ƙara, yaran ne, wannan ya ɓatar da safa, wancan an mare shi. Ta amsa da kafaɗa, hannu na kan madannai. Wani lokaci sai in ga idonta a rufe, yatsunta a tsaye kan haruffa, in yi gyaran murya ta farka ta ce ba barci take ba. Baba yakan dube ta ya tambaye ni ko 'yar hukuma ce ta zo duba aiki, sai ta ce masa e, kuma aikinsa ya yi kyau.

A zobe na biyu, bakin wutsiyar ya ɗan guntule, ofishin ruwa ya faɗa waje da kaɗan. Yaya ta ce ba mamaki, ɗigon wajen dama tsiraru ne. Na je na samu wani mai faci da ke gabanin ofishin na ce daga yanzu shi ne iyaka. A na uku, mai facin ma ya fita, iyaka ta dawo wurin wata mai sayar da lemo. Bayan nan wutsiyar ta ɓace gaba ɗaya, cikin ma ya fara ramewa ta wajen kasuwa. Duk wata sai in ɗauki sabuwar takarda in bi layi, in gode wa na baya, in roƙi na gaba. Ni dai daɗi nake ji, don masu tsaron na ta matsowa kusa, man babur ya ragu. Yallaɓai ya fi kowa murna. Har ya ce wa Yaya, "Ashe karatun ungulun nan yana da rana." A bakinsa wannan lambar yabo ce.

Ba wanda ya ce uffan, don ba abin da ya faru. Baba yana fita, yana dawowa. Sai dai dawowar na ta matsowa, daga tsakar rana ta koma hantsi. Ya shigo da saurinsa yana tambaya wa ke nemansa, matata ta ce ai mai neman ya tafi, ya zauna ya huta. Sai ya zauna da jakar a cinya yana kallon ƙofa. Ya daina cewa aiki ya yi yawa. Mun lura, amma kowa a gajiye yake, muka ce tsufa ne.

Likitan da ke duba shi ne ya ce yana son ya san ko tafiyar Baba na raguwa. Yaya ta ce wannan mai sauƙi ne, za ta haɗa masa zobban duka a takarda ɗaya. Ranar wata Talata da rana tsaka sai ga ta a shagona, abin da ba ta taɓa yi ba a ranar aiki. Ta ratso tsakanin matattun firji ta zauna a kan wani da na kwantar, ko ƙurar ba ta kaɗe ba. Ta miƙo mini takardar. Zobe cikin zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa, na ƙarshen bai wuce layinmu zuwa kwana ba.

Na ce, "To ai mun san yana raguwa."

Ta ce, "Dubi ɗigon kowane wata, ka duba ko akwai wanda ya fita daga zoben watan da ya gabace shi."

Na duba. Babu, sai ɗaya-ɗaya a kan layin.

"Shekara nawa ina wannan aikin, Auta, ban taɓa ganin haka ba. Kullum akwai na waje. Ka san dalili? Ungulu ba ta san na zana mata komai ba. Ba mai tare ta a bakin layi." Ta dangwala yatsa a kan takardar. "Baba kuwa mun tare shi. Duk tafiyarsa ta koma ciki. Ni kuma wata ya ƙare na ce wa kwamfuta ta bar biyar a waje, kamar yadda na saba. Ina za ta samo biyar ɗin? A cikin abin da muka bar masa ta yanko. Kai ka matsar da mutane, wata ya zagayo, ta sake yankowa. Ko da lafiyarsa ƙalau, ko saurayi ne, haka zoben zai yi ta cin kansa."

Na ajiye sukundireban da ke hannuna. Lissafin bai fi ƙarfina ba, ko yaro aka yi wa bayani zai gane. Abin da ya ba ni haushi ke nan, har yau kuma yana ba ni.

Ta ce, "Ba kuskure ko ɗaya a umarnin. Na bi shi layi-layi tun safe ina fatan in samu. Abin da na ce ta yi, shi ta yi." Sai ta fashe da kuka, irin na wanda ya gaji, ba ƙara. "Da kwaɗon Yallaɓai aka sa, da ko ba komai muna ganinsa a ƙofa, mu ji kunya."

Na ce mata ta daina ɗora wa kanta, ciwon ma ai yana rage wa mutum tafiya. Ta ce ta sani. Da muka kai takardar wurin likita ta tambaye shi kai tsaye, nawa ne na ciwo, nawa ne namu. Ya jujjuya takardar ya ce gaskiya ba zai iya rabawa ba, duka biyun na iya yiwuwa. Ta ce ko kimantawa ya yi. Ya ce ba shi da abin da zai kimanta da shi. Muka fito, ta tsaya a bakin asibitin tana ta neman tabaranta a jaka alhali suna fuskarta. Wannan ne karo na farko da na ga an bar Yaya da "wataƙila" tsirara, kuma ba ta iya ɗaukarta ba.

A ranar muka bi unguwa ni da ita muna warware abin da muka ƙulla. Duk wanda muka taɓa roƙa muka ce masa in ya ga Baba ya bar shi ya wuce, ya dai bugo mini waya. Mai aski ya ce, "Wane Baba? Ai rabona da shi an kwana biyu, har na zaci ba ya da lafiya, ina ta cewa zan leƙo." Mai gadin ofishin ruwa ya tashi tsaye ya cire hula tun kafin mu yi magana, don da ya gan mu tare ya zaci rasuwa muka zo faɗa. Ya nuna mana gefen bencin da Baba ke zama. Yaya ta kawar da kai.

Yallaɓai bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce da izinin wa aka cire masu tsaro, abu yana tafiya daidai an zo an ɓata. Yaya ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Yaya, ka zo ka zauna da shi kwana biyu, sai mu yi maganar." Ya ce aiki ya riƙe shi. Ta ce ta san da haka, ta kashe wayar. A gidanmu ba a taɓa kashe wa Yallaɓai waya ba, matata har ta dafe ƙirji.

Yaya ta ɗauki hutun da ta daɗe tana tarawa, ta ce ita za ta riƙa raka Baba da ƙafarta. Kullum da safe sai ga ta da takalmin roba. Ranar farko ya rataya jaka suka fita tare, ina biye da su daga nesa. Ya duba mitar maƙwabcinmu, ya duba ta gaba, har da goge gilashi. Da suka kai kwana, inda wani mai kanti, mai tsaronmu na ƙarshe, ke juyo da shi, sai ya tsaya. Mai kantin ya sunkuyar da kai yana jera sabulu, bai tare shi ba. Yaya ta ce, "Mu je, Baba, akwai sauran gidaje a gaba." Ya dubi titin, ya dube ta, ya juya da kansa. Ta biyo shi tana lallashi har gida. Washegari ma haka. Bayan 'yan kwanaki ko kwanar ba ya kaiwa, daga mitar maƙwabci sai ya dawo. Ta gwada ɗaukarsa a mota zuwa ofishin ruwan. Ya zauna a bencin bai fi shan ruwa ba, ya miƙe ya ce a mayar da shi, bai ko gane mai gadin ba. Hutun ya ƙare, ta koma wurin ungulayenta da ƙafafu a kumbure.

Ba wanda ya nemi zobe kuma, har Yallaɓai. Amma Asabar ɗin ƙarshen wata sai ga ta da kwamfuta da filo, jiki ya saba. Ta zauna ta buɗe, ta danna. Maimakon jan zobe sai wani jan rubutu ya cika ƙasan allon. Na ce ko ta lalace ne in kira mai gyara. Ta girgiza kai.

"Lafiyarta lau. Na'urar in ba ta motsa ba, wuri ɗaya take ta maimaitawa. Ɗigon watan nan duk a kan juna suke. Cewa take ba za ta iya yin tudu da abin da ba shi da faɗi ba."

Ta rufe kwamfutar a hankali ta tura ta cikin jaka. Baba na zaune a kujerarsa ta roba a bakin baranda, ya yi wanka, ya sa takalmi, jakar fatar na cinyarsa. Ƙofar gida a buɗe take hanhai, matata ta tokare ta da bulo tun safe kamar yadda Yaya ta roƙa. Ana jiyo masu babur da yara 'yan ƙwallo a layi.

Yaya ta je ta durƙusa a gabansa, gwiwarta har da ƙara. Ta ce, "Baba, ga gari ya yi daɗi, rana ba zafi. Tashi mu je aiki, ni zan riƙe maka jakar. Duk inda ka ce, can za mu, ba mai tare mu."

Ya dube ta da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi. Ya leƙa ƙofar, har ya ɗan ɗago daga kujerar, na ga Yaya ta riƙe numfashi. Sai ya koma ya zauna, ya gyara jakar a cinya, ya dafa hannunta.

"Ke dai je ki, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ni bari in zauna, kar a zo nemana a tarar ba na nan."